Tsakanin Nguru da Gashuwa: Yadda hotunan wayar hannu za su zama shaida kan makomar fadama

Tazarar da ke tsakanin Nguru da Gashuwa kimanin kilomita 65 ce kacal, amma da wuya a samu wani yanki a Arewacin Najeriya da ƙasarsa ke sauya kama a cikin shekara guda kamar wannan. A watan Satumba, matafiyin da ya baro Nguru ya nufi gabas ta Jajimaji zai bar fadamu cike da ruwa a kudancinsa: furen bado ya lulluɓe tafkuna, shinkafa ta yi kore shar, masunta na iyo a kan gora suna laluben kifi. Idan ya sake biyowa a watan Afrilu, sai ya tarar ƙasa ta tsattsage, garken shanu na tafe a inda kwalekwale ya ratsa watanni bakwai da suka shige, iska kuma na ɗibar rairayi daga jigayi tana watsawa a bakin kwalta.

Wannan sauyi ne ya ja hankalin wani rukuni na masu ɗaukar hoto da ba su riƙi abin a matsayin sana'a ba. A cikinsu akwai ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da na Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, akwai malaman makaranta da ma'aikatan lafiya, akwai masu yi wa ƙasa hidima da aka turo daga nesa, akwai kuma 'yan asalin yankin da ke aiki a ma'aikatun Abuja, waɗanda ba sa ganin gida sai da Sallah ko wani biki. Kayan aikinsu wayar hannu ce, ladansu kuwa yabon abokai a Facebook da WhatsApp. Faɗuwar rana a Tafkin Nguru, jerin goruba a bakin gona, gadar Gashuwa a lokacin da kogi ya kawo, raƙuma a kan tudun rairayi a ƙasar Yusufari, waɗannan su ne irin hotunan da suka fi yawo.

Galibin hotunan nan ba sa wuce kwana uku ana maganarsu. Daga nan sai waya ta lalace, ko a sace ta, ko ta cika a goge su domin a samu wurin sababbi. Asarar da ake yi ta fi yadda ake zato. Fadamar Haɗeja zuwa Nguru na cikin wuraren da aka fi jayayya kan rabon ruwa a ƙasar nan, kuma shawarwarin da suka shafi makomarta a Abuja da Kano ake yanke su, a ofisoshin da da yawa daga cikin masu zama a cikinsu ba su taɓa taka ta ba. Hoton da ke ɗauke da kwanan wata da sunan wuri, wanda aka maimaita ɗaukarsa a wuri guda shekara bayan shekara, zai iya nuna wa irin waɗannan ofisoshi abin da dogon rahoto ba zai nuna ba.

Inda ruwa da rairayi ke maƙwabtaka

Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake tasowa, na Jama'are kuma daga tsaunukan Jos. Da suka gangaro arewa maso gabas, sai su shiga wani shimfiɗaɗɗen fili mai cike da tsofaffin jigayin rairayi da iska ta jera tun dubban shekaru. A nan ruwa kan rasa miƙaƙƙiyar hanya, sai ya rarrabu zuwa rassa da tafkuna da fadamu, kafin ya sake haɗuwa a kusa da Gashuwa ya zama Komadugu Yobe, wanda ke bi ta Gaidam ya nufi Tafkin Chadi.

Ruwan saman da Nguru ke samu a shekara kimanin milimita 500 ne a matsakaici, kuma a cikin watanni uku zuwa huɗu yake sauka. Saboda haka ambaliyar da kogunan nan biyu ke kawowa ita ce jigon rayuwa. Idan ruwa ya cika, a noma shinkafa a kama kifi. Idan ya janye, a shuka wake da alkama da albasa da tattasai a damshin da ya bari. Makiyaya su shigo da dabbobi su ci burugu, masu saƙar tabarma su yanki kaba, mata su tsinci goruba da bado. Ana kiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.5, Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulani, da wannan ruwa suka dogara.

Duniya ta daɗe da sanin darajar wurin. A shekarar 1987 aka kafa shirin kare fadamar Haɗeja da Nguru, da haɗin gwiwar Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya da wasu ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, aka kuma ajiye ofishinsa a Nguru. A 1989 Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, ya ziyarci mafakar tsuntsaye ta Dagona da ke ƙasar Bade. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Yobe, aka kafa Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, wanda ya haɗa da sashen Bade da Nguru da kuma dausayin Bulatura. A shekarar 2000 Tafkin Nguru da mashigin Marma, masu faɗin hekta 58,100, suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sanya a jerin fadamu masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar. Tafkin Dagona ya bi sahu a 2008.

Abin da ya sauya cikin shekara 50

A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma aka kammala ta Challawa. Dukkansu suna tare ruwan da a da yake gangarowa Haɗeja da Nguru a lokaci guda da damina. Wannan ya haɗu da farin farkon shekarun 1970 da na 1983 zuwa 1984. Masu binciken ruwa sun kiyasta cewa filin da ambaliya ke mamayewa ya ragu daga hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da farkon 1970, ya koma hekta 70,000 zuwa 100,000 a shekarun da suka biyo baya.

Lokacin zuwan ruwan ma ya sauya. Ruwan da madatsu ke saki da rani ya sa wasu magudanai sun daina bushewa, sai laka ta taru, ciyawar kacalla ta samu gindin zama ta toshe hanyoyi. Sakamakon haka ruwa ya karkata ya fi yawa a mashigin Marma da Tafkin Nguru, inda yake cinye gonaki, alhali wasu ƙauyukan da a da suke noman fadama sun koma kallon busasshen kwari. A cikin kacallar ne tsuntsayen jan-baki ke samun maɓoya su faɗa wa gero da shinkafa. Yau yawancin ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Gashuwa na Kogin Jama'are ne, wanda har yanzu ba a datse shi da babbar madatsa ba. Shi ya sa duk lokacin da aka taso da batun kammala madatsar Kafin Zaki a Jihar Bauchi, hankalin mutanen Yobe da Borno kan tashi.

Tun farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka lissafa amfanin da ake samu daga noma da kamun kifi da itacen wuta a fadamar, suka gano cewa ya ninka wanda ake samu idan aka yi amfani da ruwa daidai wannan a babban aikin noman rani na Kogin Kano. A 2006 jihohi shida, wato Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, tare da Gwamnatin Tarayya, suka kafa asusun kula da wannan kwari mai hedikwata a Damaturu. Duk da haka tambayoyin suna nan: nawa za a saki, yaushe za a saki, kuma wace magudana za a fara yashewa? Ambaliyar 2022, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Jigawa da Yobe, ta sake tuna wa kowa cewa yawan ruwa ma musiba ne idan hanyoyinsa sun toshe.

Hotunan da ofisoshi ke da su

Duk ma'aikacin da ya taɓa haɗa rahoton ƙarshen shekara ya san irin hotunan da ke cikin kundin ofis: babban baƙo yana yanke ƙyalle, babban baƙo yana dasa itace guda ana riƙe masa lema, jama'a sun yi layi ana rabon kayan tallafi. Abin da ba a cika samu ba shi ne hoton wannan itacen a watan Afrilu mai zuwa, ko hoton magudanar da aka yashe bayan damina biyu.

Kuɗin da ake kashewa ba kaɗan ba ne. Tun 2015 akwai hukumar tarayya mai kula da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wato shingen itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma Yobe na cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Babban Birnin Tarayya. Akwai kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai hedikwata a Kano, wadda ke riƙe da makullan Tiga da Challawa. Kowace daga cikinsu na buƙatar sanin abin da ke faruwa a ƙasa bayan tawagar duba aiki ta koma gida.

Wani zai ce ai akwai tauraron ɗan Adam. Gaskiya ne, taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, kuma tun 2008 kowa na iya sauke hotunan kyauta. Sai dai kowane ɗigo a hoton Landsat na yanzu fili ne mai mita 30 a kowane gefe. Zai nuna cewa wuri ya yi kore, amma masanin da ke zaune gaban kwamfuta na buƙatar wanda ya tsaya a wurin ya tabbatar masa ko koren nan shinkafa ce ko kacalla, ko ruwan nan tafki ne ko gonar wani ce ta nutse. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma wanda ke zaune a Dagona ko Gogaram shi ke da damar gani a kowace rana.

Darasi daga tarihi

Tarihin yankin kansa ya nuna haɗarin yanke hukunci da kallo ɗaya. A 1934 wani farfesan ilimin gandun daji daga Jami'ar Edinburgh, E. P. Stebbing, ya zagaya Arewacin Najeriya da rani. Da ya koma gida ya wallafa maƙala a 1935 yana gargaɗin cewa Sahara na tunkaro ƙasar da sauri. Maganar ta tayar da hankalin Turawan mulki har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa, wanda ya bi iyakar Najeriya da Nijar a tsakanin 1936 da 1937. Kwamitin bai samu shaidar cewa hamada na tafiya gaba ɗaya kamar rundunar yaƙi ba. Mutumin da ya ga ƙasar nan a bazara kaɗai zai rantse ta mutu, wanda ya gan ta a Agusta kuwa zai ƙaryata shi.

Marigayi Michael Mortimore, wanda ya koyar da ilimin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya bi wata hanya dabam. Ya shafe fiye da shekara 10 yana komawa ƙauyen Dagaceri da ke yammacin Nguru, ya kuma yi nazarin tuddan rairayin Kaska a arewacin Yobe, yana kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da abin da idonsa ke gani. Abin da aikinsa ya nuna shi ne lalacewar ƙasa tsalli-tsalli take, tana bin yanayin damina da yadda ake amfani da wuri, kuma manoma da makiyaya suna da dabarun da masu tsara manufofi ba su cika lura da su ba.

Shi ne kuma, tare da Mary Tiffen da Francis Gichuki, ya wallafa binciken gundumar Machakos ta Kenya a 1994. Sun samo hotunan tuddai da aka ɗauka a 1937, lokacin da zaizaya ta cinye su, suka koma suka tsaya a wuraren suka sake ɗauka fiye da shekara 50 bayan haka. Jama'a sun ninka sau biyar, amma tuddan sun cika da itatuwa da gonaki masu matakala. A maƙwabtanmu ma haka ta faru. Da masanin Amurka Gray Tappan ya kwatanta hotunan sama na 1975 da na shekarun 2000 a jihohin Maraɗi da Damagaram, sai aka gane cewa manoma sun rayar da gawo da sauran itatuwa a gonakinsu a fili mai kimanin hekta miliyan 5, aikin da aka daɗe ana yinsa ba tare da manyan ofisoshi sun ankara ba.

Wannan ba ya nufin babu matsala. A ƙananan hukumomin Yusufari da Yunusari da Machina, rairayi na binne gidaje da gonaki da dausayin dabino, kuma mazauna wuraren ba sa buƙatar wani masani ya gaya musu. Abin da tarihin ke koyarwa shi ne sai an jera hoto biyu ko uku na wuri guda kafin a san inda ƙasa ke mutuwa da inda take farfaɗowa, domin a kai kuɗi inda ake buƙatarsa.

Yadda hoto ke zama shaida

Abu na farko shi ne zaɓen matsaya. Mai ɗaukar hoto ya nemi wurin da zai iya komawa ya gane shi ko bayan shekara 10: ƙarshen gada, bakin rijiya, gindin wata kuka, kusurwar makarantar firamare, ko dandamalin tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Nguru, wadda layin dogo daga Kano ya iso a 1930. Ya tabbatar akwai wani abu da ba ya motsi a cikin hoton, kamar hasumiyar masallaci ko turken lantarki, domin a daidaita hotunan da shi daga baya.

Na biyu, maimaitawa a kan lokaci. Sau huɗu a shekara ya wadatar: tsakiyar damina, kaka, hunturu da bazara. Ma'aikacin da ke zuwa gida sau biyu kawai ma yana da abin yi, sai dai ya tuna cewa Sallah na matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara, don haka hoton Babbar Sallar bana da na shekara biyar masu zuwa ba a yanayi ɗaya za su faɗo ba. Kwanan wata ne zai warware wannan.

Na uku, bayani. Waya na ajiye kwanan wata da sa'a a cikin hoto, har da wurin da aka ɗauka idan an kunna mata alamar wuri. Amma idan aka tura hoton ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar kan matse shi ta kuma share waɗannan bayanai. Mafita ita ce a tura shi a matsayin fayil, a kuma ajiye na asali. Ya kyautu a riƙe ɗan littafi ana rubuta sunan ƙauye, da sunan da mutanen wurin ke kiran tafkin ko magudanar, da inda aka fuskanta, da abin da dattawa suka ce game da wurin a da. Sau da yawa wannan layi biyun ya fi hoton kansa amfani.

Na huɗu, gaskiya. Ƙara wa sama ja, ko goge turken waya domin hoto ya yi kyau, ko amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira wajen ƙara tsuntsaye, duk suna zubar da darajar hoto a matsayin shaida. Wanda ke son yin ado ya yi a kan kwafi, ya bar na asali yadda yake.

Sai kuma batun kyau, domin hoton da ya kama ido shi ake tsayawa a kalla. Haske ya fi daɗi daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa almuru, lokacin da inuwa ke tsawo tana fito da siffar jigawa da kunyoyin gona. Tsakar rana kan wanke launi, zafinta kuma kan sa waya ta ɗauke. Hazon hunturu yana ɓoye nesa, amma yana fito da goruba da giginya kamar zane idan aka sa su tsakanin mai ɗauka da rana. A ƙasa mai shimfiɗa irin wannan, a kunna layukan da ke kan fuskar kyamara domin kada sararin sama ya karkace, a kuma sa wani abu a gaba, ko jaki ko kwalekwale ko tarin kaba, domin mai kallo ya gane girman fili. Jawo hoto da yatsa yana rage ingancinsa, gara mutum ya taka ya matsa. A riƙa goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, domin ƙurar Yobe ba ta raina kowace waya.

Baƙin da ke zuwa daga Turai

Daga watan Oktoba zuwa Maris fadamar kan karɓi dubban tsuntsaye masu ƙaura, waɗanda ke tsere wa sanyin Turai da Asiya su tsallako Sahara. Suna tarar da na gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. An tattara sunayen nau'in tsuntsaye fiye da 370 a yankin. Gauraka, wadda ita ce tsuntsuwar da ake alfahari da ita a ƙasar nan, ta yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya, don haka duk wanda ya yi katarin ɗaukar hotonta da kwanan wata da wuri ya riƙe abu mai daraja.

A nan ma ɗan sha'awa yana da gurbi. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya a kowane watan Janairu, kuma 'yan sa-kai ne ƙashin bayan aikin. A Najeriya, cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ta fara shirin taswirar tsuntsayen ƙasa a 2015, inda matasa ke shigar da abin da suka gani ta manhajar waya, har aka samu tawagar Arewa ta musamman. Wanda ba shi da babbar kyamara na iya ɗora idon wayarsa a bakin madubin hangen nesa ya samu hoton da za a gane tsuntsu da shi. Sharaɗin shi ne kada a tayar da garke domin neman hoton tashi, kada kuma a kusanci sheƙa. Wanda zai shiga Dagona ya nemi izinin jami'an gandun daji, ya tafi da ɗan rakiya.

Ladabi da doka

Karkara gidan mutane ce. Baƙon da ya shiga ƙauye da niyyar ɗaukar hoto ya fara da gaida mai gari ko bulama ya faɗi abin da ya kawo shi. Ba a ɗaukar mace a bakin rijiya ko a gona sai da yardarta, ba a ɗaukar yara sai da sanin iyayensu, kuma makiyayi na da haƙƙin ya ƙi a ɗauki garkensa. Wanda ya yi alƙawarin turo hoto ya cika. Akwai kuma bambanci tsakanin nuna halin da mutane ke ciki da tallata talaucinsu. Fati Abubakar, 'yar Maiduguri da ta fara sanya hotunan rayuwar yau da kullum a Instagram a 2015 da sunan Bits of Borno, ta yi suna a duniya ne saboda ta nuna mutanen jiharta a kasuwa da makaranta da wurin biki da mutuncinsu, a lokacin da labarin bam kaɗai ake ji daga can.

Yobe na cikin jihohin da jami'an tsaro ke aiki, saboda haka a nisanci ɗaukar shingen bincike da barikoki da ayarin sojoji. Jirgi maras matuƙi kuwa ba a tashinsa sai da izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama da Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro.

Akwai magana ta musamman ga hadiman manyan jami'ai da masu kula da shafukan ma'aikatu. Ya zama ruwan dare a tsinci hoton wani a intanet, a yanke sunansa, a liƙa a kalanda ko rahoto ko sanarwar taya murna. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare hoto na tsawon shekara 50, ta kuma ba mai shi haƙƙin a ambaci sunansa. Saƙo guda na neman izini da ɗan abin hasafi ba za su gagari kowane ofishi ba, kuma su ne za su ƙarfafa wa matashin da ya taka kilomita biyar cikin laka gwiwar sake komawa.

Ina za a adana?

Hoton da ke cikin waya ɗaya tamkar hatsi ne a rumbun da ba shi da jinka. Mataki mafi sauƙi shi ne ajiye kwafi biyu, ɗaya a kwamfuta ko katin ajiya, ɗaya a intanet. Mai son duniya ta amfana na iya ɗora hotunansa a Wikimedia Commons, inda za su zauna da sunansa da kwanan wata, daga nan kuma su shiga maƙalolin Wikipedia ta Hausa. Gasar Wiki Loves Earth, wadda aka fara a Yukren a 2013, kan karɓi hotunan wuraren da aka keɓe domin kare halittu, kuma 'yan Najeriya na shiga.

Sai dai babban aikin na hukumomi ne, kuma ba mai tsada ba ne. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tana zaune a tsakiyar wannan fadama, kuma za ta iya buɗe kundin hotunan yankin da ɗalibai za su riƙa ciyarwa zango bayan zango. Hukumar raya koguna da hukumar gandun daji za su iya kafa turakun siminti masu lamba a zaɓaɓɓun wurare daga Marma zuwa Gashuwa, ta yadda duk mai wucewa zai tsaya a kai ya ɗauka ya tura. Masu rattaba hannu kan biyan 'yan kwangilar dashen itatuwa da yashe magudanai za su iya sharɗanta hoton wuri guda kafin aiki, da bayan aiki, da kuma bayan shekara biyu. Tsofaffin hotunan da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da waɗanda ke cikin akwatunan iyalai a Nguru da fadar Mai Bade, za su iya zama mafarin kwatance idan aka nemo su aka gano inda aka tsaya aka ɗauke su.

Nan da shekara 20 za a sake zama a Abuja a yi muhawara kan Kafin Zaki, ko kan yadda za a riƙa sakin ruwan Tiga, ko kan ko itatuwan da aka dasa sun rayu. Wasu daga cikin masu karanta wannan rubutu su ne za su jagoranci zaman. Ko za su samu abin da za su ɗora a kan tebur ya danganta ne da ko wani ya tsaya a ƙarshen gadar Gashuwa a watan Satumban bana, ya ɗauki hoto, ya rubuta kwanan wata, ya kuma koma wurin baɗi.